Bargon Inna da Karen Di'o

Lokacin kaka ne, shekarar da auduga ta yi kyau amma sanyi ya sauko da wuri. Matan gidanmu a Hunkuyi kan taru bayan azahar su harhaɗa tsofaffin zannuwa su ɗinka bargo, ana ba kowace bi da bi. Na ranar nan na Innata ne, har da ƙyallen rigar marigayi Babanmu a tsakiyarsa.

Ana cikin kakkaɓe shi sai ɗan aiken hakimi ya yi sallama a zaure. Wai Di'o, Baturen mulki, ya sauka a bariki, kuma karensa ba ya kwana a ƙasa, don haka a ba da bargon.

Goggo, yayar Inna, ta ce, "Kare fa? 'Ya'yanmu kuma su kwana da me?"

Inna ta ce, "Bari, Yaya, kada mu ja wa gidan nan magana." Ta ninke, ta miƙa.

Ni mai haƙuri ce, amma har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

Washegari Inna ta yaga zanen sallarta gida huɗu, ta ce in kira matan.