Karen da Ya Koyi Ladabi

"In karen nan ya sake tsalle kan akushina, ka kai shi daji," in ji Baba.

Ɗansa kuwa ba shi da mai gadin gona sai karen nan. Sai ya dage da horar da shi. Duk sanda aka kawo tuwo ya ce, "Kwanta!" In kare ya natsu, ya jefa masa loma. Kafin kaka ya iya.

Ran nan suna cin abincin rana, kare na kwance yana kyarma, idonsa na kan danga, ko haushi bai yi ba.

"Yauwa, yanzu ka yi kare," in ji Baba.

Ɗan ya wanke hannu, ya ce, "Tashi!" Kare ya zabura a guje, suka bi shi. Wuta ta riga ta cinye rabin rumbun hatsi.