Sanƙon Dattijo

"Wannan dattijon kuma a ina kika samo shi?" Ilyas ya tambayi matarsa yana dariya.

Zahida ta ce, "Nan Zongo. Kai dai rubuta, maigida."

Shekara takwas haka suke aiki: ita ta ɗauki hoto, shi ya yi masa waƙa. Ta baya take ɗaukar mutane, don manyan unguwa ba sa son a nuna fuskarsu. Wannan hoton na ƙeyar wani ne, ya cire hula yana alwala, sanƙo sai ƙyalli yake.

Ilyas ya zage. Ya kira sanƙon filin ƙwallo, ya ce ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi.

Ranar baje hotunansu a wani ɗakin taro a unguwar Adawlato ya karanta waƙar da ƙarfi, aka yi ta tafi. Ya juya zai nuna hoton, ya cire hula don share gumi. Ɗakin ya kaure da dariya.

"Lafiya?" ya tambayi Zahida.

Ta mayar masa da hular a hankali.

"Ƙeyarka ce, chéri masoyina. Shekara uku ina neman yadda zan gaya maka."