Tabon Ƙarƙashin Haɓa

Soumaïla yana da digiri biyu na injiniya, da ɗaki ɗaya a Villeurbanne, gefen birnin Lyon, da goge ɗaya a ƙarƙashin gado. Digirin kowa ya san da su, don shi da kansa ya tabbatar an sani. Gogen kuwa daga shi sai Allah, sai wasu Turawa uku a Paris.

Gogen Turawa ne mai tsirkiya huɗu, irin wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, amma hannun na gado ne. Kakansa ya shekara arba'in yana goge a Zinder, labarin da Soumaïla bai taɓa ganin amfanin sa shi a takardar neman aiki ba. A Faransa ya haɗu da masu kiɗan gargajiyar Irlande da Bretagne, waɗanda ake ɗauka biki su sa tsofaffi su riƙe hannun juna suna tsalle. Ya shiga cikinsu da sharaɗi ɗaya: Paris kaɗai. A Lyon ko da wasa ba ya taɓa tsirkiya, domin a Lyon Alhaji Moctar yake.

Alhaji Moctar ɗan kasuwa ne a unguwar Minguettes, kuma mahaifin Mutmainna, wadda Soumaïla ke son aure har yana ramewa. Alhaji yana da ra'ayi a kan komai, amma zagin makaɗa shi ne goronsa na bayan cin abinci. Ya san aibin kowa dalla-dalla: mai kalangu maƙaryaci, mai kotso ɗan fadanci, mai gurmi malalaci. Yana faɗa yana ƙwanƙwasa tebur da 'yan yatsu, bugu daidai wa daida, jama'a kuwa na jinjina kai suna cewa Alhaji akwai ilimi.

Bayan magabatan Soumaïla sun yi waya daga gida, sai ya je gaisuwa da kansa. Alhaji ya riƙe hannunsa ya tambayi lafiyar kowa a Zinder, saura kaɗan ya tambayi awaki, idonsa kuwa na kan wani baƙin tabo a ƙarƙashin haɓar saurayin.

"Wanga tabon hwa, na mi ne?"

"Reza ce, Baba."

"Reza," in ji Alhaji. "To, madalla da reza. Asabar ina Paris wajen kaya, kamar kullum. Ka zo Lahadi ka ji amsa."

A bakin ƙofa Soumaïla ya kusa tuntuɓe da wata baƙar jaka, zagayayya kamar faifai. Samfurin tire ne na saidawa, in ji Mutmainna, Baba ba ya zuwa Paris sai da ita.

A taram, jirgin cikin gari, kan hanyar komawa gida, Soumaïla ya yi rantsuwa ya bar goge har abada. Har abadan ta kai ranar Laraba.

Ranar ce Yann, mai sarewa kuma shugaban ƙungiyarsu, ya kira shi yana haki. Akwai bikin aure Asabar da yamma, kuma Tsoho zai zo. Tsoho shi ne gwanin bandirin Irlande da makaɗan Paris ke ambato da ladabi. Ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ba da kowa yake kiɗa ba, Soumaïla bai ma taɓa sa shi a ido ba. Wannan karon kuwa, in ji Yann, shi da bakinsa ya ce a kawo masa mai gogen nan na Lyon.

Kan Soumaïla ya kumbura. Sai ya zauna ya yi tunani irin na masu digiri biyu: Paris gari ne babba, Alhaji na can Porte de la Chapelle yana fama da kwalaye, me zai kai dattijo mai carbi bikin Turawa? Wannan na ƙarshe ne, daga shi ya tuba.

Asabar ƙarfe huɗu, zauren ya cika. An ture tebura gefe, amarya ta cire takalmi, kakanni sun jeru suna jiran kiɗa. A kan dandamali kujera ɗaya ce babu kowa, ta Tsoho. Soumaïla na shafa wa bakan gogensa ƙaro sai ƙofa ta buɗe.

Hular ya fara gani, sannan gemun.

Alhaji Moctar ne. Wani ya kai tsegumi ke nan, Hausawan Lyon ba su da aiki sai na wani. Ya tura gogen bayan ƙafafunsa, kamar za a iya ɓoye raƙumi a akurki. Ƙarairayi suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya: na aboki ne ya riƙe masa, bincike yake yi a kan sauti, ɓatan hanya ya yi. Ko ɗaya ba ta fi ta reza kyau ba. Alhaji kuwa na ratsowa ta tsakiyar masu biki ba gaggawa, idonsa a kansa. Soumaïla ya ga Lahadi ta wuce, ya ga Mutmainna a gidan wani, sai ya ji ƙwalla ta cika masa ido da gaske.

"Baba, wallahi tallahi, bari in yi bayani..."

Alhaji bai ko saurare shi ba. Ya hau dandamali, ya sauke jakar tire daga kafaɗa, ya zauna a kujerar Tsoho ya zaro bandiri, fatarsa ta yi baƙi saboda shekaru da shan hannu.

"Ɗauki rezarka, yaro," in ji shi. "Ni ba ni ba da ɗiyata ga wanda ba ya iya riƙe kiɗa."