Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa dokar magana ƙeƙe-da-ƙeƙe, kowa na ɗauke da 'yar na'ura a maƙogwaro. Duk abin da ka sakaya, sai ta maimaita shi a fili da muryarka.

Da hantsi Nomau ya yi sallama a gidan gwaggonsa Tabawa, ya tarar tana bakacen gero. Tun daga asibiti yake bitar yadda zai lallaɓa ta.

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, jikin Yaya ne ya ɗan motsa. Ki shirya mu je."

Na'urarsa ta ce, "Ɗanki ya mutu."

Tabawa ta ajiye faifai. Shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba saboda alkunya. Da dokar ta zo ma sai ta daina zancensa, don kada na'urar ta kunyata ta.

Can ta ce, "Allah Ya jiƙan yaron nan."

Na'urarta ta ce, "Allah Ya jiƙan Lawandi."

Ta dafe wuyanta. Nomau ya sunkuyar da kai.

"Yaron nan," ta sake cewa a hankali. "Yaron nan."

Muryarta ta yi ta kiran Lawandi a tsakar gida, babu mai amsawa.