Mahaucin da Ya Raina Ƙotar Ƙirya

Barau, yau kwana uku ke nan ina yi maka magana ɗaya a kan keken ɗinkin nan naka. Ka ce mini "to, Kawu," ka fita ka yi abin da ranka ya so. Keke lafiyarsa ƙalau, shi ke ciyar da gidanka, amma ka nace sai an kwance shi an yi masa ado don ya yi kama da na maƙwabcinka. Bakina ya gaji. Zauna in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani mahauci a wata kasuwar ƙauye, yana da ƙatuwar adda ta saran ƙashi wadda ya gada wurin mahaifinsa. Ƙotarta ta itacen ƙirya ce, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, ga kaushi, har yatsun uban sun yi mata gurbi. Ba ta da kyan gani ko na sisin kwabo. Amma ko hannu ya yi sharkaf da kitse, in aka riƙe ta sai ta zauna daram. Da ita mutumin nan ya yi aure, da ita ya gina ɗaki, bai taɓa ko ƙwarzanewa ba. Ran nan tsautsayi ya kai shi birni, ya ga wata wuƙa rataye a zauren wani attajiri, ƙotarta ta ƙaho tana sheƙi, an zagaye ta da zobban tagulla. Wuƙar da ko albasa ba ta taɓa yankawa ba! Shi ke nan, ya dawo gida addarsa ta zame masa abin kunya. Ya ɗauke ta sai maƙera, ya ce a cire wannan guntun icen a sa masa ƙaho. Maƙerin, wani dattijo da ya san ubansa, ya jujjuya addar ya ce, "Ƙaho na wuƙar ado ne, ɗana. In kitse ya taɓa shi, ya fi miyar kuɓewa santsi. In ƙiryar ce ta ishe ka, ga marke, ga aduwa, zaɓi ɗaya in sassaƙa maka." Mahauci ya ɓata rai ya ce, "Baba, aiki na kawo maka, ban zo neman shawara ba." Don Allah ji wannan rashin ta ido. Dattijo ya haɗiye fushinsa, ya gasa ƙahon bijimi, ya daidaita shi, ya kafa. Ya ce to a bari ya yi masa tsaga-tsaga inda yatsu za su kama, mahauci ya ce zai ɓata masa kyau. Ya ce to a naɗe shi da fata, mahauci ya ce in an rufe ƙahon wa zai san ƙaho ne? Sau uku yana komawa maƙerar nan, yau a ƙara zobe, gobe a ƙara gogewa, har sai da ƙotar ta yi sumul yana ganin haƙoransa a jikinta. A duk zuwan nan bai taɓa cewa a duba masa kaifi ba.

Ana nan sai jajiberin Sallah ya zo, mutanen unguwa suka yi watanda, suka haɗu suka sayi wani ƙosasshen bijimi don a yanka a raba musu kashi-kashi, suka kira mahaucin nan. Aka yanka, aka feɗe, jama'a suka kewaye da kwanoni suna jira. Shi kuwa gogan sai da ya zaro addar a hankali ya juya ta a rana, don kowa ya gani. Aka ce masha Allah, kansa ya ƙara girma. Saran farko lafiya, na biyu lafiya, don hannunsa a bushe yake. To, ga inda gizo ke saƙar: tsohuwar ƙotar ba ta taɓa bukatar ya goge hannu ba, saboda haka bai saba gogewa ba, shekara ashirin. Ya cusa hannu ya yaye kitsen ciki, ya juyo, ya dafe ƙafar bijimi da hagu, ya ɗaga adda da dama da dukkan ƙarfinsa. Ƙahon ya murɗe a tafinsa. Addar da ke raba ƙashin bijimi gida biyu a sara ɗaya, me babban yatsan mutum zai yi mata? Aka kwashe shi sai asibiti, wani mahaucin ya ƙarasa rabon da wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar marke.

Ciwo ya warke, amma mahaucin da ba shi da babban yatsa ba ya iya damƙar nama. In ka je kasuwar yau za ka same shi a gefen teburin wani, yana korar ƙuda da mafici. Ƙiryar da ya raina, maƙeri ya sa wa wata adda, tana can hannun wani tana ciyar da shi. Tasa kuwa tana rataye a ɗakinsa tana sheƙi, ba ta yanka ko albasa, daidai irin ta attajirin da ya gani a birni. Abin yana ba ni haushi har gobe, don an gaya masa, ba sau ɗaya ba.

Kai ma na gaya maka, Barau. Je ka kwance kekenka in kana so. Hausawa dai sun ce, garin neman gira aka rasa ido.