Man Taransifoma da Gwiwar Inna

Tela ya ajiye almakashi ya sake leƙawa ta taga. Taransifomar unguwa tana jikin shagonsa, cikin shingen waya, tana wani gurnani da bai saba ji ba. Makullin shingen yana aljihunsa, domin shi jama'a suka yarda da amanarsa.

Ranar da aka ba shi makullin, injiniyan lantarki ya nuna masa wani ɗan gilashi a jikin tankin. Ya ce, "Man da ke ciki shi ke sanyaya ta, shi ke hana wuta tsallakawa tsakanin wayoyi. In ya sauka ƙasa da layin nan, ka kira mu. Famfon ƙasan nan kuwa, kada kowa ya taɓa."

Surukarsa ce ta fara sa shi taɓawa. An gaya mata man taransifoma yana maganin ciwon gwiwa.

"Inna, wannan fa ba magani ba ne."

"Au, likita ka zama? 'Ya sukutum na ba ka, ɗan nan, kwalba ɗaya za ta gagare ka?"

Ya sunkuyar da kai, ya je ya ciko mata. Inna ta shafa, ta ce ta ji dama, ta gaya wa ƙawayenta. Mai ciwon baya ya zo, mai ƙaiƙayi ya zo. Wanda ya ba surukarsa, da wane baki zai hana tsohon da ya koya masa ɗinki? Babu wanda ya ɗauki kansa ɓarawo a cikinsu. Kowa kaɗan ya karɓa, kowa da addu'a ya tafi.

Yanzu mai ya ɓace daga gilashin, ƙarfen kuma zafi yake hurowa har cikin shago. Abinci ya daina shigar tela. Ya ɗinka hannun riga a juye bai sani ba. Yakan ɗauki waya zai kira injiniya, sai ya tuna tambayar farko da za a yi masa: wa ke riƙe da makulli? Sai ya ajiye.

Ya kai kukansa wurin maƙwabcinsa bakanike. Bakanike ya yi dariya.

"Surukin Inna, kai dai tsoro ya yi maka yawa. Mai ai mai ne. Ga baƙin mai can na juye daga motoci. Mu ɗura wa taransifomar, gilashi ya cika, shi ke nan."

"Ba zai ɓata ta ba?"

"Motar da ta sha shi mutuwa ta yi?"

Suka jira aka ɗauke wuta da hantsi, suka ɗura. Ba su san baƙin mai cike yake da garin ƙarfe da danshi ba, abin da ke buɗe wa wuta hanya maimakon ya tare ta.

Bakanike ya koma gareji. Tela yana ƙoƙarin datse kwaɗon shingen aka dawo da wuta. Ƙara ɗaya aka ji. Mai mai ci da wuta ya watso masa, shagon ya kama, kayan mutane suka ƙone ƙurmus.

Ya rayu. Amma da aka kwance bandejin, yatsunsa sun manne da juna. Matarsa ce ke ba shi abinci a baki.

Jama'a, man taransifoma ba magani ba ne, kuma ba kowane mai ke maye gurbinsa ba. In ya ragu, a kira masu aikin. Kunyar da ta hana mutum cewa a'a, ta kuma hana shi faɗin gaskiya, ba kirki ba ce.