Ɗakin Bulo

Ranar da aka buɗe sababbin ɗakunan bulo a gidan tsofaffin da wata mata take shugabanta kusa da garin Sinja, kan tsohuwar hanyar Makka, kowa ya naɗe tabarmarsa ya shiga, ban da tsoho ɗaya. Yana zaune a bukkarsa, ga hadari ya haɗo. Shugabar ta je ta same shi.

"Baba, bukkar nan yoyo take yi. Shekara biyu ina zarya a ofisoshi kafin a gina muku ɗakunan nan."

"Ɗiyata, da ƙafa na baro Sakkwato zan tafi Makka, guzuri ya ƙare mini a nan. Shekara sittin ina cirar auduga, ban taɓa aza bulo ba. Wanda ya kwana cikin bulo ya zauna ke nan."

Ranta ya ɓaci. Ta ɗage katifarsa da kanta za ta kai ɗakin bulo, sai ga wani ƙunshi. Ta kwance, ashe haramin aikin hajji ne, ninkinsa har ya yi ja don daɗewa.

"A hankali," in ji shi. "In ban ɗaura shi a tsaye ba, ku naɗe ni da shi a kwance."

Ta mayar da katifar. Kafin ruwa ya sauko, ta aika a kirawo mai jinka.